Yafe Biza Ba Yafe Takarda Ba Ne

Duk wanda ya san Gagamari, garin nan da ke bisa babbar hanya yamma da Difa, cikin gundumar Shetimari, ya san ba abin da ya raba shi da Damasak ta Najeriya sai ƴar tafiya da kogin Komadugu. In ruwa ya kawo, daga damina har tsakiyar ɗari, a shiga kwale-kwale. In ya janye da bazara, mutum ya naɗe ƙafar wando ya taka yashi ya haye. Mutanen wannan gaɓa da na waccan dangin juna ne, Mobar da Manga da Fulani da Hausawa, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, naira da sefa suna kwana cikin aljihu guda. Manomin tattasai da ya saba kai buhunansa Damasak bai taɓa tsayawa layin neman biza ba, mahaifinsa ma bai tsaya ba.

Saboda wannan sabo ne kalmar nan "ba biza" ta zauna cikin kunnen mutane da yawa da wata ma'ana wadda ba tata ba. Wasu sun ɗauka in an ce ƙasa kaza ana shigarta ba biza, to ƙofa ce a buɗe, mutum ya shiga lokacin da ya so, ta inda ya so, ya zauna iyakar son ransa. A yau kuwa, da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, saƙonni na ta yawo ɗauke da sunayen ƙasashe da tsibiran Bahar Rum da ake cewa ana zuwansu ba biza, dillalan tafiya kuma suna kafa tarkonsu da wannan kalma. Wajibi ne a warware wa jama'a zancen, domin kuskure a nan yana cin dukiya, yana cin mutunci, wani lokaci har da rai.

Takardu huɗu, kowace da aikinta

Farkon abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne takardun tafiya iri-iri ne, kuma wata ba ta tsayawa a madadin wata. Fasfo takarda ce da ƙasar mutum take ba shi, tana shaida wa duniya cewa wane ɗan wane nata ne. Biza izini ne da ƙasar da za a je take bugawa cikin fasfon, bayan ta bincika dalilin zuwan. Katin zama shi ne izinin da baƙo yake nema in yana so ya daɗe. Izinin aiki kuma shi ne wanda yake halatta masa ya kama sana'a ko a ɗauke shi aiki a biya shi. In ƙasa ta ce ta yafe biza, guda ɗaya ta yafe cikin huɗun nan, sauran ukun suna nan daram. Wanda aka ce ya shigo zaure ba sai ya aiko manzo ba, ba a ce masa ya wuce cikin gida ya shimfiɗa tabarma ba.

Abin da aka sa wa hannu a Dakar

Ƙa'idar da ta sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin gaɓoɓin Komadugu tana da asali a rubuce. An kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, Nijar kuwa tana cikin waɗanda suka kafa ta. Bayan shekara huɗu, ranar 29 ga Mayu 1979, shugabannin ƙasashen suka sa hannu a Dakar bisa yarjejeniyar walwalar jama'a. Abin da ta ƙunsa a fili yake. Ɗan wata ƙasa cikin ƙungiyar yana iya shiga ƙasar ƴar'uwarta ba biza, amma da sharuɗɗa: ya kasance yana riƙe da takardar tafiya mai aiki, da katin allurar rigakafi na ƙasa da ƙasa, ya shiga ta ƙofar da hukuma ta sani, kada zamansa ya wuce kwana 90, in yana bukatar ƙari ya nemi izini wajen mahukunta. Daɗin daɗawa, yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon ta hana shiga ga wanda dokarta ba ta yarda da shi ba. Maganar haƙƙin zama sai a 1986 aka ƙara ta, ta kafa sana'a kuma a 1990.

Mutane sun riƙe rabin farko na zancen, sun mance da rabin ƙarshe, ba a kuwa daɗe ba aka ga sakamakon haka. Ranar 17 ga Janairu 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Najeriya ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. Mutane wajen miliyan biyu suka kama hanya, mafi yawansu ƴan Gana, amma da dubban ƴan Nijar cikinsu, masu gadi da masu ga-ruwa da leburori da ƴan tireda. Da yawansu ba ta ɓarauniyar hanya suka shiga ba; sun shiga ne ba biza, kamar yadda doka ta yarda, sai dai kwana 90 ya zama shekara uku, ya zama shekara biyar, ba katin zama. Ranar da aka tambayi takarda, ba su da abin nunawa. Cikin Afrilu 1984 kuma aka rufe iyakar baki ɗaya har zuwa 1986, rufewar ta haɗu da fari, tsofaffin ƙasar nan har yau suna tuna wannan yunwa da sunan El-Buhari.

Darasin bai tsufa ba. Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar, ba ta buɗe ta ɓangarorin biyu ba sai cikin Maris 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka haɗu cikin Ƙawancen Ƙasashen Sahel, AES, sun ba da sanarwar ficewarsu daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Kafin ranar, cikin Disamba 2024, ƙasashen AES suka bayyana cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza. CEDEAO ita ma ta umurci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku, su bar su suna shiga ba biza, har sai an sake shawara. Mai karatu ya lura da wannan kalma ta ƙarshe. Sauƙin da ake samu a bakin Komadugu ya rataya ne bisa shawarar hukumomi, abin da shawara ta ba da kuwa shawara tana iya gyara shi. A nan gida ma, ranar 13 ga Janairu 2025, an fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi, wadda ta wajabta wa baƙo riƙe takardar tafiya ko ta zama, ta kuma ɗora wa mai masauki nauyin sanar da ƴan sanda.

Ranar da Gagamari ta cika da baƙi

Akwai masu cewa: ina ruwan Bamobare da takarda don zai gaida kawunsa a ƙetaren kogi, alhali Turawa ne suka ja layin? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Faransa da Ingila ne suka tsai da wannan iyaka cikin yarjejeniyarsu ta 1906, suka mai da Komadugu shinge tsawon kilomita wajen 150, ba tare da sun tambayi mai gona ko mai koma ba. Amma amsar wannan magana tana nan Gagamari, kuma mutanen garin sun gan ta da idonsu.

Ranar 24 ga Nuwamba 2014 mayaƙan Boko Haram suka auka wa Damasak. Lokacin kogi yana cike. Dubban mutane suka faɗo gaɓar Nijar, wasu cikin kwale-kwale, wasu da iyo, wasu ruwa ya ci su. Gagamari da Shetimari suka buɗe musu ƙofa, aka raba abinci da tabarma, ba wanda ya tambayi biza, haka kuwa ya dace. Amma da ƙura ta lafa aka zo rubuta sunaye, domin a san wane ne ɗan gudun hijira daga Najeriya da za a kai sansanin Sayam Foraj, wane ne kuma ɗan Nijar da ya komo gida, sai aka tarar mafi yawansu ba su da ko takardar haifuwa. Mutum ya ce an haife shi a wannan gaɓa, ya girma a waccan, matarsa ƴar can ce, ƴaƴansa ba a rubuta su ko'ina ba. To, ɗan wace ƙasa ne? Da aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar Difa cikin Fabrairu 2015, shingayen bincike suka yawaita bisa hanya, wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ya zama abin tuhuma cikin ƙasar kakanninsa. Takardar da ake gani kamar kayan ƴan boko ce, ranar wuya ita ce shaidar talaka. In haka ta faru ga wanda ya ƙetare kogin da ake takawa da ƙafa, ina ga wanda ya ƙetare Sahara da teku?

Tsibiran da ake kwaɗaita wa samari

Hanyar da ta tashi daga wannan kwari zuwa Bahar Rum ba sabuwa ba ce. Ayarin Barno sun yi ɗaruruwan shekaru suna haye Komadugu, su bi ta Gigimi da Bilma da Murzuk har Tarabulus. A 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, ya bi wannan hanya tare da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Sun tashi daga Kukawa cikin Mayu, suka isa Tarabulus ƙarshen Agusta, suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta, daga nan Faransa, suka sauka Landan cikin Satumba. Labarin da Dorugu ya bayar na tafiyarsa yana cikin rubuce-rubucen Hausa na farko da aka buga da boko. Amma ko a wancan zamani bai isa Malta don ƙarfin ƙafarsa ba. Ya isa ne ƙarƙashin inuwar mutumin da gwamnatin Ingila ta aiko, mai takardun sarakuna da na jakadu. A yau ƙa'ida ta fi haka tsauri, kuma kowane tsibiri da tasa.

Malta ƙasa ce mai cin gashin kanta, ƴar ƙarama, faɗinta murabba'in kilomita 316, kudu da Sisili. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta shiga yankin Shengen a Disamba 2007. Ɗan Nijar ko ɗan Najeriya mai fasfo na kowa da kowa ba ya shigarta sai da bizar Shengen. Kuɗin neman bizar, tun Yuni 2024, yuro 90 ne, wato wajen jaka 59 na sefa, kuma ba a mayar da su in an ƙi ba da ita. Ana bukatar fasfo wanda bai wuce shekara 10 da yinsa ba, mai sauran wata uku aƙalla bayan ranar komowa, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30.000, kusan miliyan 20 na sefa, da shaidar masauki da ta guzuri da ta komowa. Wanda ya samu, iyakarsa kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta ba shi ikon kama aiki. Tun Oktoba 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar zanen yatsu da hoton baƙo a bakin iyaka, na'ura ce ke lissafa kwanakinsa. Sisili da Lamfedusa na Italiya ne, dokarsu ke nan ita ma.

Lamfedusa ita ce tsibirin da masu kwale-kwalen roba suke nuna wa samari daga gaɓar Libiya da Tunisiya, domin ta fi kusa da Afirka bisa ga Italiya kanta. Lalle ba a tambayar biza cikin kwale-kwalen, amma ga kuɗin da ake biya: ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgi guda ya nutse gab da tsibirin, mutane fiye da 360 suka hallaka. Cikin wannan watan ne kuma aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga ƙasar Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, OIM, ta ƙidaya mutane fiye da 30.000 da suka mutu ko suka ɓace cikin Bahar Rum daga 2014. Wanda ya tsira ya taka tsibirin kuwa, sansanin tantancewa ne masaukinsa, da jiran hukuncin da sau da yawa yake ƙarewa da umurnin ya fice.

Kubrus ita ce inda ruɗani ya fi yawa, domin tsibiri ɗaya ne mai hukuma biyu. Tun 1974 ya rabu. Kudu ita ce Jamhuriyar Kubrus, wadda duniya ta sani, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, tana kuma neman biza wajen ɗan Nijar. Arewa ta yi shelar zama ƙasa a 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da ita, duk jirgin saman da zai sauka can kuwa ta Turkiyya yake bi. Dillalai sukan nuna wa iyaye takardar shiga jami'a a arewa, su ce yaro ya samu Turai. Ba haka ba ne. Izinin arewa ba ya aiki a kudu, balle sauran Turai, kuma hukumar kudu tana ɗaukar wanda ya sauka ta filin jirgin arewa a matsayin wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba. A 2020 hukumar Najeriya mai kula da ƴan ƙasarta mazauna waje ta fito fili ta gargaɗi iyaye game da tura ƴaƴansu karatu arewacin tsibirin. In gemun maƙwabci ya kama wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.

Akwai dai tsibiri guda da maganar "ba biza" take da tushe a kansa ga ɗan Nijar, shi ne Jarba, a kudancin Tunisiya. Tunisiya tana cikin ƙasashen da suka daɗe da yafe wa ɗan Nijar biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, Jarba kuwa yankinta ne, hanyar mota ma ta haɗa shi da gaɓa. Tsibiri ne mai tsofaffin masallatai da kasuwanni da gonakin zaitun, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Amma a nan ma fasfo mai aiki wajibi ne, ɗan sandan filin jirgi yana da ikon ya tambayi tikitin komowa da adireshin masauki da kuɗin guzuri, yana da ikon ya mai da wanda bai gamsar da shi ba. Wanda ya wuce kwanakinsa tara tana hawa kansa mako-mako, sai ya biya kafin ya fita, har wasu sukan maƙale don tarar ta fi ƙarfin aljihunsu. A 2023 kuma baƙi ƴan Afirka ta kudu da Sahara marasa katin zama sun sha wuya ƙwarai a ƙasar, musamman a birnin Safakis, inda aka kori da yawa daga gidajen haya da wuraren aiki. Jarba Afirka ce, ba ƙofar Turai ba ce.

Abin da matafiyi zai riƙe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko Maiduguri mutum ya nufa, ko Kano, ko Tunis, tsarin guda ne, kuma daga gida yake farawa.

Na farko, takardar haifuwa, domin ita ce uwar sauran. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haifuwar yaro, sanarwar kuma kyauta ce. Wanda lokaci ya wuce masa sai ya bi ta wajen alƙali a yi masa takardar da za ta maye gurbinta. Daga ita ake samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da katin ɗan ƙasa, sannan fasfo.

Na biyu, katin allurar shawara. Allurar tana fara aiki ga matafiyi kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A yi ta a asibiti. Katin da aka saya a tasha ba tare da allura ba yana iya ruɗin ma'aikaci, amma ba ya ruɗin sauro.

Na uku, a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za a je, kafin a sayi tikiti, domin dokokin biza suna canzawa, saƙon waya kuwa ba ya ɗauke da ranar da aka rubuta shi. Matambayi ba ya ɓata. Biza a ofishin jakadanci ake nemanta, ko a ofishin da shi da kansa ya wakilta, da rasit. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi shi zai kawo ta har gida, ko ya ce yana da mutum a ciki, a riƙe aljihu.

Na huɗu, a shiga ta ƙofar hukuma, a tabbata an buga hatimi cikin fasfo ko an rubuta ranar shiga. Wanda ya zagaya ta daji don gudun bincike ya zubar da kariyar da yafewar biza ta ba shi, domin ba shi da shaidar ranar da ya shigo.

Na biyar, a ƙidaya kwanaki. Kwana 90 ba wata huɗu ba ne, kuma ranar shiga tana cikin lissafi. Mai niyyar daɗewa ya nemi katin zama tun kwanakinsa ba su ƙare ba. Mai niyyar aiki ya nemi izinin aiki tun bai kama ba.

Na shida, fasfo ba ya barin hannun mai shi. Kada a ba da shi jingina ga dillali, ko mai masauki, ko uban gida, domin wanda ya riƙe fasfon mutum ya riƙe ƙafarsa. A yi kwafinsa biyu, ɗaya cikin jaka, ɗaya a bari gida wajen dangi, tare da adireshin inda za a sauka. Da isa, a nemi ofishin jakadancin Nijar ko ƙaramin ofishinsa, kamar wanda ke Kano, a rubuta suna.

Na bakwai, kada a ɗauki saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko na wane ne. Ƙullin da aka ce magani ne ko yaji ya kai mutane da yawa kurkuku a ƙasashen da ba su da mai kai musu abinci. Mai tafiya da yaron da ba nasa ba kuma ya riƙe takardar yardar iyayensa, mai hatimin hukuma.

Nauyin da ke kan ma'aikata

Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Tsakanin Difa da Yamai akwai fiye da kilomita 1.300, mutumin Gagamari ko Boso ko Gigimi da yake son fasfo yakan lissafa kuɗin mota da na masauki da kwanakin da zai bar gonarsa, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya bi ta wajen dillali. Muddin takardar gaskiya tana nesa tana da wuya, ta jabu za ta samu kasuwa. Saboda haka ya kamata hukuma ta matso da aikin takardu kusa da jama'a, ta yawaita zaman alƙalai na ƙauye-ƙauye da ake yi don ba da takardun haifuwa, ta fara da garuruwan bakin kogi da sansanonin waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Magadan gari da hakimai da masu unguwanni da ungozomomi da limamai su mai da rubuta jariri al'ada kamar yankan ragon suna.

Ma'aikacin da ke bakin iyaka ko shingen hanya shi ma da nasa. Duk ranar da aka karɓi kuɗi wajen mai cikakkun takardu kamar yadda aka karɓa wajen marar su, an koya wa jama'a cewa takarda ba ta da amfani, an kuma rushe cikin minti guda abin da malamin yaƙi da jahilci ya yi wata shida yana ginawa. Ya kamata a manna jerin takardun da doka ta nema, da kuɗin da doka ta yanka, a ƙofar kowane ofishi, da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Faransanci, kowane kuɗi kuma a ba da rasit ɗinsa. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai, wuri ne da ya dace a zauna a tsai da sauƙaƙƙiyar ƙa'ida ga mazauna bakin iyaka, manoma da masunta da makiyaya, waɗanda ƙetare kogi yake cikin hidimarsu ta yau da kullum.

Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci kuwa, ga inda karatunsu zai yi rana. Wanda ya iya karanta ranar da fasfo zai mutu, da ranar da aka buga hatimi, da abin da aka rubuta bisa rasit, ya zama idon gidansu da na unguwarsu. Ya karanta wa ƙanensa, ya karanta wa maƙwabcinsa, ya karanta wa uwar da ake so ta sayar da shanunta don a kai ɗanta tsibirin da ba ta san sunansa ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, ba mai hana ɗan Nijar fita neman sani ko neman halali. Abin da ake so shi ne ya fita da sunansa a rubuce, ya shiga ta ƙofa, ya san ranar komowarsa, ya komo da mutuncinsa. Allah ya kiyaye matafiya, ya zaunar da kwarin Komadugu lafiya.